Inshorar Nadine

Delbert Hruska ya kakkaɓe ƙanƙarar da ta manne a takalmansa, ya tura ƙofar laburaren da kafaɗa, ya tarar da mutane zaune a jere har bakin kantar littattafan yara. Duk ya san su. Manoma ne da masu ƙananan shaguna, irinsa waɗanda ba su da wani ubangida da zai yanka musu inshorar lafiya, sai dai kowa ya saya wa kansa. Yau ce ranar ƙarshe ta rajista, kuma kamfanin da ya daɗe yana riƙe da su ya tattara nasa ya nasa ya bar gundumar Tolliver.

Ya samu wuri a ƙarshen bencin ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa. Shekararsa sittin da ɗaya, aikinsa gyaran tarakta da walda, kuma bai taɓa zaman jiran wani ya taimake shi ba. Da don kansa ne da bai zo ba. Amma matarsa Nadine tana gida kwance, jiya aka yi mata ƙarin ruwan maganin sankara a asibitin birni, kuma ba a ko kai rabin maganin ba.

Daga inda yake yana hango Verna Stoltz a ƙuryar ɗakin, bayan wani tsohon tebur, waya a saƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yatsunta na kan kwamfuta. Ajinsu ɗaya tun firamare. Ta yi aikin jinya har aka rufe sashen haihuwa na asibitin garin, daga nan ta je ta koyo aikin taimaka wa mutane zaɓen inshora. Tun da sanyi ya shigo take zaune a kan kujerar nan. Ya ga yadda ta sallami wani dattijo mai nauyin ji, ta maimaita masa magana sau uku ba ta ɓata fuska ba, ta raka shi har ƙofa don kada santsi ya kwashe shi.

Rana ta karkata kafin layi ya zo kansa.

"Ikon Allah! Delbert a laburare?" in ji Verna. "Ashe ka san hanya. Ai ko muna makaranta ba ka taɓa leƙowa ba."

"Ke dai har yanzu bakinki bai mutu ba," ya ce, ya ja kujera.

"Yaya jikin Nadine?"

"Da sauƙi. Abinci ne dai ba ya zama." Ya sunkuyo, ya rage murya. "Verna, ba dogon zance na zo yi ba. Surukina Leland ya ce in ba da adireshin gidansa. A gundumarsu akwai kamfanin da ke aiki da likitanta, Dakta Amundsen. Ki rubuta can muke zaune, shi ke nan."

Verna ta cire tabarau ta dube shi.

"Leland ne ya ba ka wannan shawarar? Leland da ya sayi doki ta waya aka kawo masa alfadari?"

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma haka. Ramin ƙarya ƙurarre ne, Delbert. Ranar da suka gano, ba za su jira ta gama magani ba. A tsakiya za su yanke, ka rasa tudun dafawa. Ba zan sa hannuna a wannan ba, kuma ba zan bari ka je wani wuri ka yi ba."

Ya zabura ya miƙe. "Na yi mata alkawari ba za a canza mata likita ba. Shi ya gano ciwon bayan an yi ta juya mu. In ba ya cikin tsarin, zan sayar da garejin in biya da kaina."

"Kuɗin garejin naka ba zai kai ku bazara ba, ka sani. Zauna. Bari mu ga abin da ya rage mana."

Kamfani biyu ne suka rage a gundumar. Ta juyo masa da kwamfutar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana fassara masa zancen da harshen da yake ganewa. Na farko ba ya hulɗa da asibitin birnin sam. Na biyu yana hulɗa da asibitin, yana kuma biyan maganin da ake ƙara wa Nadine, amma sunan Dakta Amundsen ba ya ciki. Delbert ya miƙe yana neman hularsa.

"Ina za ka?"

"Ai kin gama faɗa."

"Wa ya ce na gama? Koma ka zauna."

Ta kira kamfanin. Aka ajiye ta a layi, wani kiɗa mai sa barci yana fita daga wayar. Aka miƙa ta ga wani, wanin ya miƙa ta ga wata, layin ya katse. Ta sake kira ba ta ko yi tsaki ba. Tana cikin jira, sai ta ɗauki wayar hannunta ta kira ofishin likitan, ta gaisa da ma'aikaciyar jinyar kamar tsofaffin ƙawaye, ta ce a taimaka a tare mata shi ko a bakin ƙofa ne. Delbert yana kallonta da waya biyu a kunne biyu. Ya sha ganin mutum ya kwanta ƙarƙashin injin girbi cikin laka ya ƙi tashi sai ya gano inda ya lalace, amma bai taɓa zaton ana yin irin wannan naci a zaune ba.

Da ta ajiye wayoyin ta ce, "To, ga inda muka kwana. Ba zan yi maka daɗin baki ba. Kamfanin ya yarda Amundsen ya ƙarasa mata wannan zagayen maganin, tunda an riga an fara. Bayan nan sai ta koma hannun abokiyar aikinsa, Dakta Okafor, a asibiti ɗaya, hawa ɗaya. Shi da bakinsa ya ce da matarsa ce, wajenta zai kai ta."

"Amma dai an canza."

"An canza."

Ya murza bakin hularsa. "Da wane ido zan dube ta?"

"Jikinka ne ko nata? Kira ta."

Ya kira, ya buɗe muryar wayar. Nadine ta ɗauka da murya a dishe. Ya yi mata bayani yana tuntuɓe da kalmomi, Verna tana gyara masa. Da ya kai kan zancen garejin, sai matar ta katse shi.

"Ka sayar da me? Tsoho, in ka sayar da garejin nan ka dawo gida ka zauna min a ka, sankarar ba za ta samu abin kashewa ba, kai za ka riga ta." Ta yi tari, ta ɗan huta. "Ni na roƙe ka alkawarin nan? Kai ka ɗora wa kanka. Verna, kina ji na? Yi mana na biyun. Kuma ki ce masa ya taho da lemon tsami."

Verna ta yi dariya har da share ido. Delbert ya juya fuska wajen taga, ya daɗe yana duban motarsa kamar bai taɓa ganinta ba.

Suka gama rajistar. Benci ya zama wayam, hasken waje ya fara ja. Yana saka rigar sanyinsa sai ga Opal, mai kula da laburaren, da kwanon miya a hannu. Ta dire shi a gaban Verna.

"Tun safe ba ki sa komai a ciki ba, ga ciwon sukari. Kin ma yi taki rajistar kuwa?"

"Zan yi."

"Haka kika ce min makon jiya."

Delbert ya tsaya da hannu ɗaya a cikin riga. "Ke ma kamfanin nan da ya tafi ne ke riƙe da ke?"

"A gundumar nan nake zaune, ko ka manta?"

"Lallai wanzami ba ya son jarfa. To, ga kwamfuta, ga ki. Yi yanzu."

Ta jawo kwamfutar gabanta ke nan sai ƙofa ta buɗe, iska mai sanyi ta shigo. Wata matashiya ce da kayan aikin gidan abinci, rungume da jariri cikin bargo, tana haki.

"Don Allah, an tashi? Sai yanzu aka sake ni daga aiki."

Verna ta ture kwanon miyar gefe, ta jawo kujerar da Delbert ya tashi daga kai.

"Ba a tashi ba, 'yata. Zo ki zauna. Ya sunan saurayin namu?"

Delbert ya dubi Opal, Opal ta ɗaga kafaɗa. Ya dubi ƙofa. Sai ya cire rigar sanyin, ya koma kan bencin ya zauna, ya kira gida.

"Nadine, lemon zai ɗan makara," ya ce. "Akwai mutum ɗaya da ta rage a layi, Verna da kanta, kuma sai na ga an yi mata zan taso."