Ɗanyar Waya

Mutala mai gyaran rediyo bai fito gida da niyyar yin ƙarya ba ranar. Yawancin maƙaryata haka suke farawa, kuma wannan bai taɓa wanke ko ɗayansu ba.

Shagonsa rabin kwantena ne a bakin babbar kwatar da ta raba unguwannin Nima da Mamobi. Tun yana saurayi shi ke kula da lasifikar masallacin lungunsu, don Allah. Ladanin masallacin kuwa Kawu Sulemana ne, wan mahaifiyarsa, mutumin Tawa ta Nijar, wanda ya riƙe shi bayan uwar ta rasu. Tsohon ya sayar da albasa a Ankara ta Gana har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, 'ya'yansa sun koma Nijar. Abin da ya rage masa a duniya shi ne ɗan ɗakinsa a tsallaken kwata, da gadar katakon da yake takawa sau biyar a rana, da kiran salla.

Bayan Babbar Salla maƙogwaro ya kama shi. Likita ya ce ya hutar da murya, ya dawo a sake dubawa. Tsohon yana kwance sai Alhaji Habib, shugaban kwamitin masallaci, mai shagon shinkafa da mai a Kasuwar Malam Atta, ya kawo wata waya da ɗansa ya aiko daga Jamus. Kauri kamar yatsa, baƙa, kawunanta ruwan zinariya. Mutala ya cire tsohuwar da ke tsakanin makirufo da amfilifaya ya sa sabuwar.

Ranar da tsohon ya dawo ya kira Azahar, muryar ta fito kamar ana jan kwano a kan siminti. Wajen ƙarshe ta tsinke, ya yi tari, unguwa duka ta ji tarin.

Da aka sallame, Alhaji Habib ya tsaya a ƙofa, inda jama'a ke neman takalmansu.

"Mutala, zo nan. Abin nan da mun ji, waya ne ko mutum ne? In mutum ne ka faɗa. Zulkifli tela na nan, muryanshi kamar ƙararrawa. Baba ya yi ƙoƙari, sai ya huta."

Kawu Sulemana yana ciki yana naɗe tabarma, ya ba su baya. Mutala ya ga hannuwan tsohon sun tsaya cak.

Nan take ya tuna wani bidiyo da ya taɓa gani a wayar hannunsa: wani Bature zaune tsakanin manyan sifikoki yana rantsuwa cewa sabuwar waya ba ta ba da sauti mai daɗi sai an daɗe ana bi da kiɗa ta cikinta. Ranar har ya nuna wa masu sayar da kayan gyara a Zongo Lane, suka yi dariya tare. Jan ƙarfe ne cikin roba. In bai tsinke ba, abin da ka zuba masa shi zai kai.

"Waya ne, Alhaji," in ji Mutala. "Ɗanye ne. Irin na Turai ɗin nan sai an dafa shi da sauti kafin ya nuna. Kafin nan ko wa ya kira haka za a ji."

Fuskar Alhaji ta saki. Ashe wayar ɗansa ba ta kowa da kowa ba ce.

"Ai na sani ba irin na bakin titi ba ne. To, ka dafa shi. Amma a nan. Wayan nan ba ya fita masallaci."

Hannuwan tsohon suka ci gaba da naɗe tabarma.

Amfilifayar tana wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, inda ake ajiye butoci da tsintsiya. Babu taga. Mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki. Nan Mutala ya koma zama tsakanin salloli, yana sa karatun Alƙur'ani daga wayar hannunsa ya bi ta sabuwar waya ya fito ta wata 'yar sifika a hankali. Ba ya iya kunnawa ya tafi, don wutar Nima in ta ɗauke ta dawo da ƙarfi tana iya ƙona na'ura, kuma Alhaji yakan leƙo ba sanarwa. Gumi ya riƙa bin bayansa. Ta ƙasan ƙofa yana ganin ƙafafun mutanen da suka je shagonsa suka tarar a kulle, suka zo nemansa, suka gaji suka kai kayansu wani wuri. Yana zaune yana gadin abin da ya san babu shi.

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne mutane sun fara jin bambanci.

"Cale, abokina, ya fara nuna," wani direban turoturo, ƙaramar motar haya, ya ce masa a wurin alwala. "Jiya Isha'i ya fi na shekaranjiya."

Bai fi ba. Mutala yana da kunne. Muryar kullum ƙara shaƙewa take. Kunnen jama'a ne ya saba, kamar yadda hancin mai zama bakin kwata yake daina jin warinta. An gaya musu su jira gyara, sai suka ji gyara.

Daga nan sai kaya suka fara zuwa. Masu kiɗan biki da suna suka kawo wayoyinsu a nannaɗe. Wani mai wa'azin kasuwa ya kawo tasa. Amama mai koko, wadda teburinta ke jikin bangon masallaci, ta miƙo masa cajar wayarta ta ƙofar ɗakin tare da ƙosai a takarda.

"Ɗan'uwa, ka dafa mini wannan ma. In ɗana ya kira daga Kumasi muryanshi na fita kamar agwagwa."

"Amama, caja ba ruwanta da murya."

"Ei! Na Alhaji ka dafa, nawa ka ƙi? Don ni ba ni da ɗa a Jamus?"

Ya karɓa. In ya ce wa ɗaya babu wannan abu, ya ce wa kowa. Ya buga ƙusoshi a bango ya rataye su, ɗakin ya ƙara matsewa.

Wata rana da hantsi matarsa Nasira ta zo da kanta, ta tsuguna a ƙofar ɗakin, ta rage murya.

"Malam mai dafa waya, sannu da girki. Ka san Kawu ya ƙi komawa asibiti?"

"Wa ya ce?"

"Ni na je zan raka shi. Ya ce me zai je yi, lafiyarsa ƙalau, Mutala ya ce waya ce. Tuwon da na kai masa jiya bai iya haɗiyewa ba, koko kawai yake sha. Kai ka ɗaura wannan, kai za ka kwance."

"In na faɗa, gobe Alhaji ya sa Zulkifli. Sai Kawu ya zauna a ɗaki ya yi me? Ya kalli bango?"

"To ka bari har muryar ta mutu a hannunka."

Ranar ya tsallaka gadar katako ya je. Ya tarar da tsohon zaune kan buzu da kofin ruwan ɗumi da kanumfari. Maganarsa ta koma raɗa. Yana tara abin da ya rage na murya don makirufo.

"Kawu, da ka koma wurin likita. Ko don tarin."

"Me likita ya sani game da waya? Kai ne likitanta." Tsohon ya yi murmushi. "Da farko na tsorata, ɗana. Na ce shi ke nan, an karɓe abin da aka ba ni aro. Sai na ji ka yi wa Alhaji bayani. Ni kunnenka ban taɓa shakkarsa ba, tun kana ƙarami kake gane batir ya yi sanyi kafin rediyo ta nuna. Ta kusa?"

Ɗakin shiru, babu Alhaji, babu jama'a, babu wanda zai ji sai su biyu. Ba za a sake ba shi wuri mai sauƙi kamar wannan ba.

"Ta kusa, Kawu," in ji Mutala.

Ya kira wannan tausayi. Ba tausayi ba ne. Tsoron fuskar tsohon ne, kuma kansa ya tausaya wa.

Ruwan sama ne ya yanke maganar. Wata Laraba bayan Azahar aka tsuge da shi, kwata ta cika ta kawo robobi da tsummoki, ta hau kan gadar katako ta rufe ta. La'asar ta yi, ladan yana tsallake. Alhaji Habib ya dubi agogon bango.

"Zulkifli, kira. Ko da wayan bai gama ba, a ji dai."

Mutala yana cikin ɗakin amfilifaya, gwiwa a ƙirji. Ya ji tela ya hura makirufo. Hannunsa ya kai kan bakin wayar inda ta shiga amfilifaya. In ya sassauta ta kaɗan, kaɗan kawai, sauti zai yi ƙara-ƙara ya riƙa yankewa, kowa ya ce ga shi nan, har Zulkifli ma. Yatsunsa suka kama kan zinariyar. Sai kabbarar farko ta fita, ya ji sunan Allah da zai lalata da hannunsa. Ya saki.

Muryar ta tafi garau, ta haye rufin kwano, ta haye kwata. Ko ƙura babu a cikinta.

Ya zauna yana jiran a zo a kira shi maƙaryaci. Har wani sauƙi ya fara ji. Ƙofa ta buɗe, Alhaji Habib ya sunkuyo, bakinsa har kunne.

"Ya nuna! Mutala, wayan ya nuna! Ka ji kuwa? Allah Ya yi maka albarka, kana da aiki paa!"

A waje Amama tana buga ludayi a bakin tukunya. Masu alwala suna cewa dama sun ji alama tun jiya. Babu wanda ya yi lissafin da ke gabansa ƙiri-ƙiri. Sun riga sun sayi labarin, ba su son a ce musu sun sayi iska.

Kafin Magariba ruwa ya janye. Mutala ya je bakin gada ya riƙo hannun kawunsa ya tsallako da shi kan katakon da ke santsi. Tsohon ya sa farar rigarsa ta Juma'a.

"Na ji daga can," ya ce cikin raɗa, yana haki. "Kamar a Makka. Yau za su tuna ko wane ne Sulemana."

Lungun da zai kai su masallaci mutum biyu ba sa jerawa a cikinsa. Mutala yana gaba, tsohon yana dafe da kafaɗarsa. Kowane taki Mutala yana cewa a ransa, in mun kai famfon can zan faɗa. Suka wuce famfo. In mun kai teburin Amama. Suka kai, jama'a suka tarbe su.

"Baba, yau ranarka ce!"

"Baba, ka ba mu irin na da!"

Mutala ya shiga ɗakinsa ya kunna na'ura, don aikinsa ke nan.

Tsohon ya sa yatsu a kunne ya ja numfashi. Kabbarar farko ta fito a shaƙe, kuma wayar Jamus ta kai ta yadda take, ba ragi ba ƙari, har unguwar Kanda. Ya tsaya. Ya sake da ƙarfi, kamar mai tura ƙofar da ya tabbata a buɗe take. A shahada ta biyu muryar ta ƙare. Iska kawai ke fita, da wani ɗan fito, unguwa duka tana saurare. Ludayin Amama ya yi shiru.

Zulkifli ya matso ya karɓi makirufo da hannu biyu, kansa ƙasa, ya fara daga farko.

Kawu Sulemana bai nufi sahu ba. Ya zo ƙofar ɗakin ƙarƙashin matakala ya durƙusa da ƙyar. Ya dubi wayoyin mutane da ke rataye a ƙusoshi, sannan ya dubi Mutala. Sai da Mutala ya kai kunne kusa da bakinsa ya ji.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko, Kawu."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali.

"Da ka bari na sauka da ƙafata."

Ya dafa bango ya miƙe. Ya yi sallarsa a sahun ƙarshe kusa da takalma, inda bai taɓa tsayawa ba. Da aka sallame Nasira ce ta raka shi gida. Ya ce mata da safe su je asibiti. Hannun Mutala da ya miƙo, bai kama ba.

Mutala ya koma ya kashe na'ura. Yana cire wayoyin daga ƙusoshi Amama ta leƙo.

"Allah sarki Baba, tsufa ne. Nawa fa, ya nuna?"

Ya miƙa mata cajarta.

"Amama, waya ba ta nuna. Ba a dafa waya. Ƙarya na yi muku, dukanku."

Ta dube shi, ta dubi cajar, ta yi dariya.

"Ei, Mutala. Yanzu da aikin ya ci kana so ka ɓoye sirri? Da kunnena na ji La'asar." Ta tura cajar ta mayar masa a cinya. "Ka ƙara mishi kwana biyu. Gobe ƙanwata ma za ta kawo nata."