Mataimakin Injiniya a Wikin Dangi

Tun da dangi suka buɗe wiki don rubuta tarihin gidansu, Yaya ba ta sake samun safiya tata ta kanta ba. Shafi ne da kowa a dangi ke iya shiga ya rubuta ko ya gyara, kuma da yake ita ce babba a cikin jikoki, sai aka ɗora mata aikin sa ido ba tare da an ji ta bakinta ba. Kullum kafin ta buɗe kantin maganin da take aiki, takan jingina da firjin allurai, ta duba jerin sababbin sauye-sauye a wayarta, ta ga wa ya taɓa me. Yawanci ba yawa: wata ta sa hoton jaririnta, wani ya ba kansa digirin da bai gama ba, sai kuma Baffa, ƙanen mahaifinta, wanda ba ya gajiya da ƙara wa shafin marigayi kakansu tsawo.

Wata Litinin ta buɗe jerin, sai ta ga suna ɗaya tun daga sama har ƙasa: Injiniya, mijin ƙanwarta. Ta ja shafin, ta sake ja, har babban yatsanta ya gaji, shi ne dai. Kowane layi kuma gyaran harafi guda ne.

Ta kira shi.

"Injiniya, daga aiki aka kore ka ne?"

"Subhanallahi, Yaya! Me ya faru?"

"Na ga ka tare a wiki. Ko numfashi ba ka tsayawa ka yi."

Ya yi dariya irin ta mai jiran yabo. "Ai ba ni ba ne, bot ne na haɗa. 'Yar manhaja ce mai aiki da kanta. Mutanenmu ba sa sa haruffa masu lanƙwasa, sai su rubuta daki maimakon ɗaki. Shi ne take bi tana gyarawa."

"To ni yanzu ta ina zan ga abin da mutane suka rubuta?"

"Mai sauƙi! Akwai maɓalli a saman jerin, na ɓoye gyaran bot. Ki danna kawai."

Ta danna. Babu abin da ya motsa. Ta kashe, ta kunna, ta sake dannawa, wani mai tari yana tsaye a gabanta da takardar likita yana kallonta. Ta sallame shi, ta koma kan wayar, jerin yana nan cike da Injiniya. Sai da rana ta yi tsaka ta gano dalili: maɓallin ba ya ɓoye komai sai asusun da aka yi wa alamar bot, shi kuwa bawan Allah da sunansa na mutum ya saki abin.

Da ta gaya masa, sai ya fara kame-kame. Wai buɗe sabon asusu wahala ne, wai zai duba in ya samu sarari. Ƙanwarta ce ta tona shi: ashe sunansa ya hau saman jerin masu ƙoƙari a wikin, har ya ɗauki hoton ya tura wa abokan aikinsa.

"Ki gaya masa," in ji Yaya, "ko ya raba kansa da abin nan yau, ko na rufe su duka biyun."

Washegari sabon asusu ya bayyana mai suna Mataimaki, da alamarsa. Yaya ta danna maɓallin, jerin ya washe tas kamar an share tsakar gida. Ta sauke ajiyar zuciya, ta bar maɓallin a danne, ta manta da zancen.

Abu ɗaya ne ya riƙa ɗaure mata kai. Baffa ya koma gyara shafin kakansu safe da yamma, kuma taƙaitaccen bayanin da yake bari a gefen kowane gyara sai ƙara zafi yake yi. Da farko "na gyara". Daga baya "na sake gyarawa". Sannan "a ji tsoron Allah". Ta duba jerin, ba ta ga kowa ya taɓa shafin ba sai shi. Har ta fara tunanin ko a duba masa hawan jini.

Ranar Asabar tana wanke-wanke aka buga ƙofa kamar za a ɓalla ta. Baffa ne, hula a karkace, waya a hannu.

"Sannunku da zuwa, Baffa. Ku shigo ku zauna."

"Ba zama na zo yi ba. Ɗan wa ne Mataimaki?"

"Na'am?"

"Yaron nan da ke bina yana ɓata min rubutu! Na rubuta mahaifina ya kafa shago, ya mayar min ya ƙafa shago. Na ce da ya tsufa ya kasa tafiya, ya mayar ƙasa tafiya. Na ce mutum ne mai baki, ya iya magana, ya mayar da shi mai baƙi. In na gyara, kafin in ajiye waya ya dawo da nasa. Na yi masa nasiha a shafinsa, shiru. Na tambaye shi sunan ubansa, shiru. Ke kuma da aka ce ki sa ido, ina idon?"

Yaya ta goge hannu a zani, ta ɗauko wayarta, ta cire maɓallin. Nan take ga su sun fito layi bayan layi: Baffa, Mataimaki, Baffa, Mataimaki, har ƙasan shafin. Ta dafe goshi. Ashe duk kwanakin nan rabin faɗan kawai take gani.

"Baffa, ba mutum ba ne. Inji ne."

Ya tsaya yana kallonta. "Kina nufin inji na yi ta yi wa wa'azi?"

Ta toshe baki da hannu don kar dariya ta kuɓuce mata.

"To a kira min mai injin."

Injiniya ya iso da gumi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya soma bayanin cewa matsala ce 'yar ƙarama a jerin kalmomin da ya ba bot ɗin. Baffa ya ɗaga masa hannu, ya nuna masa kujerar teburin cin abinci. A nan ya zaunar da shi, ya tsaya a kansa, ya sa shi bin shafukan ɗaya bayan ɗaya yana mayar da kowace kalma da hannunsa, yana karantawa da ƙarfi kafin ya wuce. Yaya ta dafa abincin rana, ta kwashe kwanuka, ta yi la'asar, suna nan. Sau biyu Injiniya ya ɗago yana neman ta cece shi da ido, ta juya ta shige kicin.

Kafin su tashi aka yanke hukunci: Mataimaki ba zai ƙara taɓa rubutun kowa ba, sai dai ya tara kalmomin da yake zargi a shafi guda, mutum ya duba. Yaya ta roƙi Baffa ya goge saƙonnin da ya bar wa bot ɗin, musamman na ƙarshe mai zancen tarbiyya. Ya ce abin da ya faɗa ya faɗa, duk wanda ya shafa ya ɗauka.

Sati bai cika ba wayarta ta yi ƙara tana tsaka da jera kwalaben maganin tari. Injiniya ne.

"Yaya, wata shawara ce ta zo min. Me zai hana Mataimaki ya riƙa sa gaisuwar ranar haihuwa a shafin kowa? Ba zai dame ki ba, tunda kina da maɓallin nan."

Yaya ta dubi kantin, babu kowa sai fanka tana juyawa.

"Injiniya, mutane sun cika min kanti," ta ce, ta kashe wayar.