Mashin Aro

Mashin da aka jefa ya sake faɗowa a kwance, ya ja ciki a kan simintin tsakar gida har ya daki tankin ruwa. Hajiya Hansai ta ajiye wuƙar yanka albasa, ta leƙo ta tagar kicin. Autarta Na'ima na tsaye da wandon wasanni da ƙaramin hijabi, idanunta sun ciko.

Tun farkon zangon karatu Malam Sharhabil, malamin wasanni na makarantarsu, ya saka yarinyar a jifan mashi saboda tsayinta. Ranar Litinin za a tace waɗanda za su wakilci makaranta, shi ya sa ya ba ta aron mashin ta zo da shi gida Unguwar Rimi. Doka kuwa ɗaya ce: jifan da bai sauka da tsini ba, ba a lissafa shi. Na Na'ima bai taɓa sauka da tsini ba. Har 'yan ajinsu sun laƙaba mata Mai Shara, wai mashinta share fili yake yi.

Na'ima ta ce ita ta haƙura, gobe za ta mayar wa Malam kayansa. Hansai ta fito tana goge hannu da gefen zani, ta ɗauki mashin da niyyar jingine shi kafin ya fasa wa wani ido. Sai yatsunta suka nemo igiyar da ke naɗe a tsakiyarsa da kansu, suka zauna daram.

"Ke ai jifa kike kamar mai korar akuya," ta ce. "Ɗauko mini mayafi."

Mai keke-napep ɗin da suka tara sai da ya yi ta mita, don mashin ya leƙo ta baya kamar eriya. A hanya Hansai ta gaya wa 'yarta cewa ita ma ta yi jifan mashi a makarantar 'yan mata da ke Doka. Na'ima ta kalle ta da kyau. Ita dai uwar da ta sani ma'aikaciya ce mai fayil da tabarau, wadda ke riƙe ƙarfe in za ta hau bene.

Da suka isa makarantar, mai gadi ya buɗe musu da jin ita tsohuwar ɗaliba ce. Hansai ta zagaya bayan azuzuwa, ta tsaya cak. Shaguna sun cinye gefen filin da ke kallon titi, ga wurin wankin mota, ga sabon ginin da ba a gama ba. Bishiyoyin darbejiyar da suke zama ƙarƙashinsu suna lasar garin gulukos a tafin hannu, babu ko ɗaya. Abin da ya rage ɗan zirin ciyawa ne tsakanin katanga da ɗakin gwaji.

A da, a nan malamin wasanninsu Mista Sambo ke tsayawa da usur a wuya, yana musu tsawa ita da Rifkatu. Rifkatu 'yar Abakpa ce, siririya mai dariyar tsiya. Tare suke takawa gida da yamma, mashi a kafaɗa, 'yan kasuwa na tsokanarsu wai ina za a yi yaƙin. Da Sallah Rifkatu ke cinye naman gidansu Hansai, da Kirsimeti Hansai ta rama a kan shinkafa da cincin. Bayan rikicin da ya raba garin, su Rifkatu suka tattara suka koma ƙetaren kogi. Babu wadda ta yi wa wata laifi. Gadar ce kawai ta yi musu tsawo.

"Mama, a nan za mu yi?"

Hansai ta dawo hayyacinta. Ta tsayar da Na'ima gefe-gefe, ta miƙar mata da hannun dama can baya, tafin yana kallon sama, tsinin mashin kusa da girarta. Ta nuna mata cewa gwiwar hannu ce ke fara wucewa ta saman kunne, mashin ya biyo baya, kuma ba ƙarfi ake nema ba tukuna. Yarinyar ta yi ta jifa daga tsaye tana zuwa ɗaukowa. Wani jifan ya tashi sama da yawa ya dawo da gindi, wani ya karkace ya nufi katanga. Rana ta fara zafi, hijabinta ya jiƙe. Can wani ya fita shar, ya lanƙwaso, ya caki ƙasa ya tsaya yana rawa.

Na'ima ta rufe baki da hannu biyu. Hansai ta kau da kai, ta ce mata ta je ta ɗauko, ba a gama ba.

Sai dai jifan tsaye ba ya nisa. Da Na'ima ta gwada haɗawa da gudu, komai ya wargaje: ƙafafunta suka harɗe, hannun ya sauko, mashin ya koma shararsa. Ta ce Malam Sharhabil ya nuna musu wani taku da ake gitta ƙafa kafin a saki, amma su da yawa ne, mashin kuma biyu kacal, ba ta kama ba.

Hansai ta cire takalmi, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta ja baya. Ta taho da ɗan gudu, da ta iso inda za ta gitta ƙafa sai ta tsaya. Ta koma, ta sake tahowa, ta sake tsayawa, gwiwarta na zafi. Hannunta ya tuna komai, ƙafafun sun manta. Dama can ita ƙarfin hannu gare ta. Taku na Rifkatu ne, ita ce Mista Sambo kan ce a kalla.

Na'ima ta zauna a kan ciyawa, ta sunkuyar da kai.

Lambar Rifkatu na cikin zauren tsofaffin ɗalibai a wayarta, inda ake turo gaisuwar Juma'a da ta Lahadi da sanarwar rasuwa. Ta sha ganinta tana wucewa. Yanzu ma sai da ta daɗe tana kallonta kafin ta danna.

Muryar ta yi kauri, amma ita ce. Hansai ta fara gaisuwa irin ta ofis, ina gajiya, ina iyali. Rifkatu ta katse ta.

"Hansai mai hannun ƙarfe? Wa ya rasu?"

"Babu kowa. 'Yarki ce ke koyon mashi, ni kuma takun ya ɓace mini."

Dariyar nan ta fashe a wayar, har Na'ima ta ɗago kai. Rifkatu ta ce ai dama bai taɓa zauna mata ba, bare ya ɓace. Ta fara kwatance, dama ta gitta gaban hagu, hagu ta dafe ƙasa kamar turke, sai ta tsaya ta ce wannan ba abin waya ba ne. Ta tambayi inda suke. Hansai ta faɗa mata.

"Filin na nan?"

Hansai ta dubi shagunan, da kumfar wankin mota da ke gangarowa cikin ciyawa, da 'yarta da ta riga ta miƙe tana kakkaɓe wando.

"Akwai sauran da zai ishe mu," ta ce.

"To ku nemi inuwa. Bari in samu keke."