Wa Zai Wanke Malam Shitu

Almakashin ya sake suɓucewa daga hannun Mukhtar, karo na uku ke nan, ya faɗa kan farin yadin da ya shimfiɗa a zaure. Shekara goma sha biyu yana ɗinki a kasuwar Rano, yana yanka shadda mai tsada yana hira ko kallonta bai yi ba, amma yau ya kasa yanka likkafani. Shi ya nemi wannan aikin da bakinsa tun da aka iso da gawar mahaifinsa daga asibiti da hantsi. Ya nema ne don kada a ba shi ɗaya aikin.

A ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, mutanen Unguwar Gai sun cika su har sun zubo kan hanya. Samari sun dawo daga maƙabarta sun ce an gama haƙa kabari. Can gabas kuma hadari ya fara haɗowa, baƙi ƙirin. Komai ya kammala sai wanka, kuma a nan magana ta tsaya, domin shekara talatin mahaifin Mukhtar, Malam Shitu, shi ne yake wanke duk namijin da ya rasu a garin. Yau ga shi kwance a ɗakin soro an rufe shi da mayafi.

"An samu mai wankan gawa na Rurum ɗin?" in ji Liman Ubaidullahi daga kan kujerarsa. Tun shekara biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sai an kamo shi yake fitowa.

"An same shi a waya," in ji Malam Ƙasimu, abokin marigayin tun suna yara. "Ya ce ruwan jiya ya cinye hanya, babur ba ya wucewa. In ya zagayo, sai bayan la'asar."

"Ruwan nan ba zai jira la'asar ba. In ya sauka, kabarin cika zai yi." Liman ya dubi jama'a. "A cikinku ba wanda ya iya?"

Sai kowa ya shiga kallon carbinsa. Manya-manyan magidanta masu baki a taron siyasa da rabon taki, duk suka yi tsit. Ba mugunta ba ce. Malam Shitu ne ya sangarta su. Ana cewa wane ya cika, kafin mata su gama salati za a ji ƙarar tsohon babur ɗinsa a ƙofar gida. Shi ne mai kai masu naƙuda asibitin Rano, shi ne mai tara matasa su share ciyawar maƙabarta duk damina, shi ne mai bin gida-gida in an zo rigakafi yana lallashin masu taurin kai. Ba wanda ya taɓa zama ya yi tunanin shi ma wata rana zai buƙaci a wanke shi.

"Mukhtar," in ji Liman.

Mukhtar ya sunkuyar da kai kan yadin. Ya yi kamar bai ji ba.

"Ɗan mutum ya fi kowa haƙƙi a kansa. A shigar da ni, ni zan riƙa faɗa maka, kai ka zama hannuna."

"Allah gafarta Malam, likkafanin nan ban gama ba."

"Wani zai ƙarasa. Tashi."

Ya tashi, amma bai nufi ɗakin soro ba. Cikin gida ya shige, ya ratsa ta cikin mata masu kuka, ya zagaya bayan rumbu ya dafa bango. Gumi ya jiƙa masa riga. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Tun yana yaro haka yake da gawa. In an ɗauko makara, shi ne a can ƙarshen sahu. Duk ranar da Baba ya yi wanka ya dawo, Mukhtar ba ya iya sa hannu a kwano ɗaya da shi, sai ya ce cikinsa ke ciwo. Baba bai taɓa yi masa faɗa ba. Cewa kawai yake yi, "Ku zuba wa yaron nan nasa daban." Wannan mutumin da yake cika wa Inna randa da ruwan rijiya kullum kafin ya tafi masallaci, maƙwabta suna tsokanarsa yana dariya, shi ne ɗansa na fari ya yi shekaru yana ƙyamar hannunsa.

Ya ji takun sawu a bayansa. Inna Jummai ce, mahaifiyarsa, idanunta sun kumbura, tana riƙe da ƙwarya cike da dakakken ganyen magarya.

"Inna, ba zan iya ba," ya ce. "Wallahi ba zan iya ba. In na taɓa shi na ji sanyi, faɗuwa zan yi. In kuma na yi kuskure fa? Shi da ya wanke mutanen gari kaf, a ce shi aka yi wa ba daidai ba?"

Ta dube shi.

"Mukhtar," ta ce.

Ya ɗago da sauri. Shekararsa talatin da huɗu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ɗan fari ne, kullum "kai wannan" take ce masa.

"Kana zaton Malam ba ya tsoro?"

"Baba?"

"Ranar da kake ƙin cin abinci da shi, ka taɓa tsayawa ka ga ko shi ya ci? Haka nake ɗauko kwanon yadda na kai shi. In ya shigo ɗaki sai ya miƙo min hannuwansa in riƙe, suna kaɗawa, har su lafa. Shekara talatin, bai taɓa sabawa ba ko sau ɗaya."

"To me ya sa bai bari ba?"

"Lokacin amai da gudawa mahaifinsa ya rasu. Tun safe gawar take kwance har rana ta faɗi, kowa yana gudu, kowa yana cewa ga wane. Shi ya shiga ya yi yadda ya iya, yana kuka. Da ya fito ya ce muddin yana raye ba za a ƙara barin wani a kwance haka a garin nan ba." Ta miƙo masa ƙwaryar. "Yau tun hantsi yake kwance."

Aka yi tsawa daga nesa. Mukhtar ya karɓi ƙwaryar da hannu biyu, don hannu ɗaya ba zai riƙe ta ba.

A ɗakin soro an ɗora gawar a kan tsohon ƙyaure, an ajiye Liman a gefe kan kujerarsa. Malam Ƙasimu, wanda idonsa ba ya gani sosai, ya ce shi dai zai iya zuba ruwa. Aka sakaya ƙofa. Ɗakin ya yi duhu-duhu, ba ka jin komai sai numfashin mutum uku.

"Yi niyya. Ka bar mayafin daga cibiya zuwa gwiwa, kada ya yaye," in ji Liman. "Naɗe hannunka da tsumma."

Mukhtar ya janye mayafin daga fuska, ya rufe ido da sauri, sannan ya tilasta wa kansa buɗewa. Baba ne. Ga ɗan tabon da ƙahon bijimi ya yi masa a goshi, ga furfurar gemunsa. Ya kai hannu. Sanyin ya ratsa shi har cikin ƙashi, ya ji ɗakin yana juyawa. Ya dafe ƙyauren, ya jira.

"Kada ka yi gaggawa," in ji Liman a hankali. "Ɗan ɗago shi, ka matsa cikinsa sannu. Yawwa. Yanzu alwala, kamar yadda kake yi wa kanka."

Ya wanke masa tafin hannu. Hannun duk kanta, kaushin fartanya da igiyar guga. Ya daɗe a kansu fiye da yadda ya kamata. Suka wanke kai, suka wanke dama, suka juya shi suka wanke hagu. Ruwan magarya, sannan ruwa zalla, na ƙarshe da kafur. Tsoron bai tafi ba ko kaɗan. Da aka miƙo likkafani ta bakin ƙofa, sau biyu ƙulli yana kwance masa kafin ya ɗauru.

"Shi ke nan," in ji Liman. "Ya yi. Allah ya jiƙan Shitu, Allah ya yi maka albarka."

Mukhtar ya jingina da bango. A waje iska ta taso, ana ta kiran a kawo makara da sauri. A ransa ya ce ya yi na farko, ya yi na ƙarshe, gobe in an yi addu'a zai koma kan keken ɗinkinsa a Rano, ba mai ƙara ganinsa a ɗaki irin wannan.

Malam Ƙasimu ya ajiye butar, ya lalubo hannun Mukhtar ya riƙe da nasa biyu. Tsohon hawaye yake yi, har suna sauka a gemunsa.

"Alhamdu lillahi, ɗana," ya ce. "Ka san tun da aka faɗa min da safe, kunya ta hana ni faɗa wa kowa abin da ke raina. Ba mutuwar Shitu kaɗai nake yi wa kuka ba. Tunani nake yi, ni wa zai wanke ni? Yanzu hankalina ya kwanta."

Mukhtar ya buɗe baki zai ce masa a'a, ba haka ba ne, yau ɗin ma da ƙyar. Ya dubi idanun tsohon da yanar ido ta rufe, ya ji yadda ya damƙe shi.

"Allah ya ja kwana, Baba," ya ce.

Hannunsa yana ta rawa a cikin na tsohon, amma bai zare ba.