Gimba a Shatale-talen Diyobu

Motar ta riga ta shiga shatale-talen kafin Gimba ya farga cewa ta dama ya bi. Allah ya taimake shi, hantsi ne, babu kowa sai wani mai keke can nesa. Ya zagaya a hankali, ya fita, ya koma hannun hagu. Mista Edwin, jami'in da ke gwada shi, yana ta goge tabarau da gefen riga, bai ga komai ba.

Gimba ba ɗan koyo ba ne, kuma ba ya son a manta. Tun yana saurayi yake jan babbar mota daga Damagaram zuwa Agadas, a yankin mulkin Faransi, inda dama ake bi. Da ya sauka Fatakwal bayan samun mulkin kai, lokacin hagu ake bi a nan, aka duba lasin ɗinsa gaba da baya, aka ce sai ya sake gwaji. Alhaji Lawal, mai fataucin shanu a Mayil Wan ta unguwar Diyobu, ya yi masa alkawarin sabuwar mota zuwa Anacha idan ya ci. Idan ya faɗi, karen mota zai zama a ƙarƙashin Dogara, direban Alhajin, wanda Gimba a haife ya haife shi.

Suka tsaya bakin ofishin gwaji. Mista Edwin haifaffen Sabon Garin Kano ne, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano.

"Malam Gimba, hannunka ya faɗa. Tun safe ban ga mai sa giya irinka ba." Ya zaro alƙalami zai rubuta cewa ya ci.

Gimba ya dubi alƙalamin. Yana son motar nan, so ba na wasa ba. Har ya gaya wa matarsa kalar da zai sa a rubuta sunansa a ƙofa. Amma ya tuna da shatale-talen. Yau mai keke ne daga nesa. Gobe shanu ne cike da bodin mota, ga motar fasinja ta taho daga Aba.

"Ranka ya daɗe, dakata. Ta dama na shiga shatale-tale."

Mista Edwin ya ɗago kai. "Ni ban gani ba."

"Ni na gani."

"Malam, wa ya tambaye ka? You wan spoil your own market? Da kanka za ka ɓata kasuwarka?" Ya rage murya. "Ka san in muka koma ka sake kuskure, dole in rubuta ka faɗi. Sai bayan wata uku kuma."

"Na sani. Ban taɓa karɓar takardar da hannuna bai ci ba, ba zan fara a garin mutane ba."

Mista Edwin ya mayar da alƙalami aljihu, ya gyara zama. Gimba ya yi bisimilla, ya tayar da mota.

Yanzu hanya ta cika: masu kekuna, mata da kwandunan garin rogo, wata tsohuwar bas tana tari. Da suka iso shatale-talen, hannuwansa suka ja dama, kamar jaki ya hango gida. Ya cije leɓe, ya karya sitiyari hagu, motar ta bi sumul. Ya kai mafita, ya wuce ta, ya sake zagayowa. Ya kuma wuce ta.

"Ga hanyarmu can," in ji Mista Edwin.

"Na gan ta. Ba kai nake nuna wa ba, hannuwan nan nake koya wa."

Mista Edwin ya dafe goshi, yana laluben alƙalami. "To ka gaya musu sun ci. Ka fita haka nan, jiri nake ji."