Sara Ɗaya a Wuyan Bijimi

Addar ta shiga kututturen ayaba ta tsaya cak a tsakiya. Lokendra ya ja, ta ƙi fita, sai da ya sa ƙafa ya dafe kututturen sannan ya zare ta. Na huɗu ke nan tun wayewar gari, kuma ko ɗaya bai rabu biyu ba.

Kawunsa Dambar yana zaune a kan kifaffen turmi da kofin shayi a hannu. Ya ce ayaba dai ba ta da ƙashi, ba ta da fata, ba ta kuma motsi. In har ita ta gagari mutum, to bijimin ɓaunar da ke ɗaure a harabar ɗakin bauta ya kwantar da hankalinsa ya ci ciyawa, zai ga baɗi.

Ranar tara ce ga bikin Dashain, saura awa uku a yi yanka. A garinmu sara ɗaya ake yi. In kai ya rabu da jiki a sara ɗaya, Uwa Durga da muke bauta wa ta karɓa, sai a naɗa wa mai saran farin rawani. In ya kai ga na biyu, to a nan take za a shafe fuskarsa da jinin a gaban jama'a, kuma duk gonar da ta zabtare, duk akuyar da ta yi ɓari a shekarar, gidansu za a nuna da baki. Kawu Dambar ya yi shekara ashirin da shida yana wannan aiki, bai taɓa maimaitawa ba. Bana kwamitin biki ya karɓe daga hannunsa. Ba don hannun ya yi sanyi ba, sai don Lokendra ya dawo gida.

Shekara bakwai ya yi a babban birni, Kathmandu, yana faɗa a fim. Babu mai waya a garin da bai gan shi a kan gada riƙe da kukuri biyu, wato addar mutanenmu, yana zubar da ƙarti goma sha huɗu a ruwa ba. Shi ya sa ranar da ya sauko daga saman bas, Ciyaman Tilak, shugaban kwamitin, ya biyo shi har gida, ya rataya masa furanni a wuya, ya sanar cewa bana jarumi ne zai yi yanka. Kafin Lokendra ya buɗe baki, mahaifiyarsa ta amsa a madadinsa, ta yafa mayafi ta fita zagaya maƙwabta.

Abin da bai faɗa musu ba shi ne, kukurin fim alminiyam ne, bai kai murfin tukunya nauyi ba, wani ma roba ne da aka fesa wa fenti. Ƙartin nan goma sha huɗu abokansa ne, ɗakin haya ɗaya suke kwana da biyar daga cikinsu. Layi suke yi kamar masu jiran famfo, kowa ya jira a gama da na gabansa sannan ya taho da ihu. Wanda ya fi saurin faɗuwa shi darakta ke sake kira. Ƙarar saran da ke sa matan garinmu rufe ido kuwa, wani mutum ne mai tumbi yake zama a ɗaki daga baya yana daddatsa kabeji a gaban makirfo. Darasin farko da aka koya wa Lokendra shi ne ya tsayar da hannu ana saura yatsa huɗu ya taɓa wuya. A kan haka ake biyansa. Shekara bakwai bai ko ƙwarzani kowa ba, kuma da wannan yake taƙama a Kathmandu.

"Hannunka yana tsoron ƙarshen sara," in ji Kawu Dambar. "Ka taso da ƙarfi kamar abin kirki, da ka zo wurin sai ka nemi gafara."

"Haka aka saba masa, Kawu."

"Ai na gani. An mai da ɗan ƙanwata mai kore wa mutane ƙuda."

Ya ajiye kofin, ya miƙe da ƙyar, ya karɓi addar. Kukurin yanka ce, tsawonta ya kai hannu, hannu biyu ake sa mata. Ya ce shi ma jikokinsa sun nuna masa faɗan gadar nan, kuma ya so ya yi tambaya: wane ɗan iska ne ya koya musu haɗa kaifi da kaifi? Duk wanda ya yi wa ƙarfensa haka a gidan nan, sai ya kwana yana wasa shi a dutse. Sannan wannan juyin da suke yi, su ba mai makami ƙeya, su dawo su tarar yana nan yana jira kamar suruki, a ina ake samun irin waɗannan maƙiya masu kunya? Ya ce sau ɗaya ya taɓa ganin faɗan kukuri na gaske, a kasuwa, a kan iyakar gona. Bai kai tsawon tari biyu ba. Ɗaya ya rasa yatsu uku, ɗayan ya zauna a ƙasa yana kuka yana kiran uwarsa, kuma ba a ji wani kiɗa ba.

Lokendra ya saurara yana murza wuyan hannunsa. Can ya yi ƙasa da murya ya kawo abin da ya kwana da shi: a ce ya gurɗe. Zai naɗe hannun da tsumma, Kawu ya koma aikinsa, kowa ya huta.

"A gaban mutane suka karɓe, a gaban mutane za su mayar," in ji tsohon. "Ni ba na karɓar aikina ta bayan ɗaki. Kuma uwarka fa? Ta gaya wa ƙauye uku."

Daga nan ya nuna masa, ba tare da ya sari komai ba. Ya buɗe ƙafafu kamar mai shirin daka. Ya ce babu tsalle, babu ihu. Kada ya kalli wuyan, ya kalli ƙasar da ke ƙarƙashin wuyan, can ne addar za ta je, bijimin kawai ya tare hanya ne. Idan an ja igiya wuya ya miƙe, akwai ɗan kwari kamar tafin hannu ɗaya bayan ƙaho. Ya jira dabbar ta saki numfashi, sannan ya saki gwiwoyinsa ya zauna da nauyinsa duka. Lokendra ya nemi ya gwada sau ɗaya tak a wani kututturen. Kawu ya ce ayaba huɗu ya yi asara saboda zumunci, ta biyar ta 'ya'yansa ce.

A gida mahaifiyarsa ta fito masa da sabuwar riga, ta hana shi cin komai sai bayan yanka. Tana gyara masa wuyan rigar tana ce masa kada ya manta da wannan juyin da yake yi, wanda ƙarfen ke walƙiya a bayan kansa, don matan Ƙauyen Ƙasa saboda shi suka hawo dutse tun da asuba. Ya ce mata to. Ya ga ta daɗe a kan maɓalli ɗaya, bai san ko murna ce ko ita ma ta fara tunani ba.

Ciyaman Tilak ya tare shi a matakalar da ke hawa ɗakin bauta, ya riƙe masa kafaɗa kamar shi ya haife shi. Ya ce ya tsara komai: juyi biyu, tsalle ɗaya, sannan saran. An ɗauko lasifika daga makaranta, ɗan wansa kuma zai ɗauka da babbar waya a sa wa duniya ta gani.

"Ranka ya daɗe, ƙarfen nan yana da nauyi," in ji Lokendra.

"Ga wanda ya riƙe biyu a kan gada? Haba, jarumi, ka bar wannan tawali'un."

Harabar ta cika har kan katanga. Bijimin baƙi ne, ɗan shekara biyu, an shafa masa jan gari a goshi, yana tauna furen da aka rataya masa. Malamin ɗakin bauta ya yayyafa masa ruwa a kai da kunne. Aka yi jira. Da bijimin ya girgiza jiki aka ce Uwa ta yarda, masu ganga suka ɗauka. Maza huɗu suka zura igiya ta hujin turke suka ja har goshinsa ya manne da itacen, wasu biyu suka riƙe ƙafafun baya. Wuyan ya miƙe. Lokendra bai taɓa lura wuyan ɓauna yana da kauri haka ba. Ya fi cinyar mutum biyu, ga fata kamar tayar mota.

Kawu Dambar ya miƙa masa addar da hannu biyu, ya koma gefe ya tsuguna. Ta lasifika Ciyaman yana ta zuba kirari, yana lissafa ƙartin gada, har ya kai su ashirin. Samari suka fara kiran juyi, juyi, wayoyi duk a sama. A gefen turken, wani dattijo ya riga ya naɗe hannun rigarsa, shi ne mai shafa jini in an yi kuskure.

Juyin nan Lokendra zai iya yinsa ido a rufe. Shi kaɗai ne abin da ya tabbatar ya iya a duk harabar, kuma jikinsa har ya fara karkata da kansa. Amma ya san yadda ƙarfe ke fitowa daga juyi: a karkace, da rabin ƙarfi, a inda ya ga dama. Ya mai da ƙafarsa ya dasa. Ya buɗe ƙafafu kamar tsohuwa a gaban turmi, har wani ya yi dariya. Ya nemi kwarin bayan ƙaho ya samu, sannan ya sauke idonsa ƙasa, kan wani ɓawon gyaɗa da ke cikin ƙura daidai ƙarƙashin wuyan. Haƙarƙarin bijimin ya kumbura, ya sauka. Lokendra ya saki gwiwa.

Ƙarar ba ta fi ta jiƙaƙƙen bargo da ya faɗo daga igiya ba. Wani zafi ya ratsa hannuwansa har haƙori, ya tsinci kansa a durƙushe, bakin addar ya nutse a ƙasa. Kan yana nan manne da turke. Jikin ya ɗan tsaya shi kaɗai, sannan ya gurfana.

Masu ganga sun makara, don su ma juyin suke jira. Rabin wayoyin ba su kama komai ba. Cikin shirun sai aka ji muryar wata mata daga kan katanga tana tambaya, "Shi ke nan?"

Aka tafa, irin tafin da ake yi wa jawabin hedimasta. Wani ya ce ai wannan Dambar ma yana yi duk shekara, kuma shi ba a rataya masa fure. Wani ya ce awa biyu ya yi yana hawan dutse don ya ga an sare icen girki. Dattijon nan ya sauke hannun rigarsa, fuskarsa kamar an hana shi rabonsa. Lokendra ya nemi mahaifiyarsa a cikin mata, ya gan ta tana murmushin da ake yi idan baƙo ya ce abinci ya yi daɗi amma ya bar rabi.

Ciyaman Tilak ya zo da farin rawanin ya naɗa masa a gurguje, gefe ɗaya ya rufe kunne. Yana naɗawa yana magana ta gefen baki: ya ba shi kunya, hoton babu komai a ciki, mutum ya tsaya kamar gunki sai kawai ga kai a ƙasa, wa zai kalli wannan? Yanzu abin da za a yi, ya tsaya kusa da gawar ya yi juyin da tsallen, ɗan wansa zai haɗa su a waya ya sa a gaban saran.

Kafin Lokendra ya amsa, Kawu Dambar ya zare addar daga ƙasa. Ya goge ta da ciyawa, ya ɗaga ta wajen rana, ya bi kaifin da babban yatsa tun daga gindi har baki. Babu inda ya karye. Ya ɗan jima yana kallon wuyan da aka sare, yadda ya fita sumul. Sannan ya miƙa wa ɗan ƙanwarsa ƙotar.

"Je ka yi musu, wannan ai sana'arka ce," ya ce. "Kada dai ta taɓa dutse."

Lokendra ya karɓa, ƙarfen kuwa ya ninka na Kathmandu nauyi sau biyar. Juyin ya fito a hankali, da ƙyar, kamar mai juya tuwon biki. Ya dubi Ciyaman. Ciyaman ya ce kada ya damu, za a ƙara masa sauri a waya. Ya sake yi, ya haɗa da tsalle, ya buɗe baki ya yi ihun da aka saba ji. Nan take harabar ta ɗauka. Ganguna suka barke, samari suka diro daga katanga, matan Ƙauyen Ƙasa suka rangaɗa guɗa, mahaifiyarsa tana share hawaye tana nuna shi ga ta kusa da ita.

A bayansu Kawu Dambar ya kama ƙafar bijimin, don sai an ja gawar an zagaya turke kafin jinin ya daskare. Ya ja, ba ta motsa ba. Ya ɗaga kai ya ce wani ya zo ya kama masa ɗaya ƙafar. Ya faɗa sau biyu, babu wanda ya waiwayo.