Bayan Labule

A rana ta biyu ta bitar ma'aikatan lafiya a Safana, mai koyarwa Malam Armaya'u ya rubuta a allo cewa idan ɗan rakiya ne ke amsa tambaya maimakon marar lafiya, a yi zargin ana danne ta.

Asama'u, tsohuwar ungozomar wani ƙaramin asibiti a wajen Zakka, ta yi ajiyar zuciya.

"Malam, ashe duk garinmu za mu zarga. Wace mace ce za ta buɗe baki a gaban surukinta?"

"To Hajiya, yaya kike bambance kunya da tsoro?"

"Kwalba nake miƙa mata, in ce za a gwada fitsari. Ba namijin da zai biyo mu bayan labule. Mai kunya tana shiga take sakin jiki. Mai tsoro kuwa ƙofa take kallo. Bara wata ta ce mini wata takwas mijinta bai bar ta ta gaida uwarta ba, wayarta ma tana aljihunsa."

Armaya'u ya ce kowa ya rubuta wannan dabara.

"Sai kika yi yaya?"

"Na ba ta maganin ƙarin jini, ta fita ta hau bayan babur ɗinsa." Asama'u ta rufe littafinta. "Ganewa kam na iya tun kana firamare, Malam. Abin da ake yi bayan an gane, shi na baro masu ciki na zo ji."